Ba jan wuta kaɗai ke kassara mai gyaran lantarki ba

Da na je gida Kwoi lokacin haƙar citta, na biya na gaishe da maigidana wanda ya koya mini wayarin. Ya shekara da shekaru yana wannan aiki tsakanin Kwoi da Kafanchan, wuta ba ta taɓa yi masa lahani ba. Amma yau ba ya iya ɗaga hannun dama ya wuce kafaɗa, hula ma da hagu yake sawa. Ba haɗari ya yi ba, aikin ne ya ci shi a hankali. Shi ya sa na ga ya kamata in yi magana da 'yan uwa masu wannan sana'a a nan Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal.

Mu fara da kafaɗa. Ɗaura fanka, jan waya cikin silin, sa ƙwan fitila, duk hannu a sama ake yin su, wuya a ɗage. Idan aka daɗe a haka, jijiyoyin kafaɗa suna gogar ƙashi har su kumbura. Maganin shi ne ka hau daidai yadda aikin zai zo kusa da ƙirjinka. Abin da za a iya haɗawa a ƙasa, haɗa shi a ƙasa kafin ka hau, kuma ka riƙa sauke hannu kana hutawa.

Sai baya. Yanzu da sola ta yi kasuwa, yaranmu ke ɗaukar batir su hau bene da shi. Babban batirin inbata ɗaya kan kai kilo 60, wato ya fi buhun siminti mai kilo 50. Wannan kayan mutum biyu ne. Ka durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kayan a manne da jiki, kar ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu. In za ka daɗe a durƙushe wajen soket, ka shimfiɗa ko kwali ne a ƙarƙashin gwiwa.

Tsani fa? In ka jingina shi, kowane tsawon mita 4 ka ja gindinsa mita 1 daga bango. Wajen hawa da sauka, ko dai ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya su kasance a jikinsa. Filaya da sukundireba su zauna a jakar ƙugu. Kusa da waya mai wuta, tsanin ƙarfe ba naka ba ne. Sau da yawa ba jan wutar ke karya mutum ba, firgitar da ta sa ya faɗo ce.

Ita kuma wutar, kar ka ce ai NEPA sun ɗauke. Suna iya dawo da ita kana tsakiyar aiki, janaretan da aka haɗa ba daidai ba ma yana iya turo wuta cikin layi. Kashe daga babban makunni, cire fis ɗin ka sa a aljihunka, sannan ka gwada da testa kafin ka taɓa.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi ga hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. In a kamfani kake, tambayi ko an yi maka rajista. Mu da muke cin gashin kanmu kuwa, ranar da muka kwanta, ranar tukunya ke sauka. Ciwon da ya ƙi tafiya, ko yatsu suna sagewa, a je asibiti, a daina danne shi da ƙwaya.

Allah ya tsare mu a wajen nema.