Shin Ko Kun San? Hadaya da Fansa a Waƙoƙin Majami'a

Shin ko kun san cewa tsohon mai fataucin bayi ne ya rubuta "Amazing Grace", waƙar fansa da ta zaga majami'un duniya? Sunansa John Newton, mutumin Ingila. Shi kansa ya ɗanɗana ƙasƙanci a wani tsibiri na gaɓar Saliyo, inda aka riƙe shi kamar bawa, ga yunwa ga zazzaɓi. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirginsu a teku, ya roƙi Allah jinƙai, ya tsira. Abin takaici shi ne wannan bai hana shi komawa sana'ar ba. Har kyaftin ɗin jirgin bayi ya zama, yana loda 'yan Afirka cikin sarƙa, sai a 1754 rashin lafiya ta raba shi da teku. Ya zama limamin coci a garin Olney, aka buga waƙar a 1779. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta irin ta'asar da ya gani da idonsa, ya mara wa William Wilberforce baya a gwagwarmayar hana cinikin bayi. Ya makara ƙwarai, amma ya faɗi gaskiya. Ya rasu a 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta cinikin bayi.

Ko kun san abokinsa William Cowper, wanda suka haɗa littafin waƙoƙin Olney tare, ya yi fama da taɓin hankali har aka kwantar da shi? Daga hannunsa ne aka samu shahararriyar waƙar nan mai kwatanta jinin Almasihu da maɓuɓɓuga mai wanke zunubi.

Kiran Yesu "Ɗan Rago na Allah" ya samo tushe daga Bisharar Yohanna da ragon Idin Ƙetarewa. Fafaroma Sergius na Ɗaya ne ya shigar da waƙar Ɗan Ragon cikin sujadar Katolika a ƙarshen ƙarni na 7.

Isaac Watts ya buga fitacciyar waƙarsa ta gicciye a 1707, don a rera ta wajen Jibin Ubangiji.

Fanny Crosby ta Amurka kuwa tun tana jaririya ta makance, amma ta rubuta waƙoƙi sama da 8,000. A ka take tsara baitoci, ta riƙe su, sannan ta faɗa wa mai rubutu. Ceto da fansa ne kan gaba a cikinsu.

Da yawa daga irin waɗannan waƙoƙi an mayar da su Hausa, suna cikin Littafin Waƙoƙi da ake rerawa a majami'un Jos, Kaduna da sauran garuruwa. Idan kun buɗe shi ranar Lahadi, ku nemi tarihin waƙar da kuka fi so, ku ba yaranku labarin wanda ya rubuta ta.