Kayan Matafiyi Tsakanin Tudu da Ruwa

A ƙasashen Turai na arewa, inda duwatsu da tafkuna da tsibirai suke a cakuɗe har mutum ba ya tafiyar wuni guda bai iske ruwa ya tare masa hanya ba, an sami wata al'ada ta yawon shan iska wadda matafiyi yake taka sawu har bakin tafki, sa'an nan, maimakon ya kewaye shi ko ya jira kwalekwale, sai ya faɗa ciki ya yi iyo zuwa wancan ƙetare, ya fito ya ci gaba da tafiyarsa. Mas'alar da ta fi damun ma'abota wannan al'ada kuwa ita ce ta kaya, domin abin da ya dace da bayan mai tafiya a tudu shi ne ainihin abin da yake cutar da mai iyo.

Mai tafiya a ƙasa yana son kayansa su manne da gadon bayansa, nauyin ya sauka a kan ƙugu ta hanyar ɗamara mai faɗi, kafaɗu su huta. Amma da zarar ya shiga ruwa da wannan jaka a goye, in ta sha ruwa za ta danne shi, in kuwa cike take da iska za ta taso sama ta kifa fuskarsa ƙasa, alhali kafaɗun da take riƙe da su su ne yake bukata don tuƙa jikinsa. Saboda haka masu ƙera irin waɗannan kaya suka rabu mazhaba biyu.

Ta farko ta mutanen Suwidin ce. A shekarar 2002 wasu abokai huɗu suka yi fare a kan wanda zai riga ƙetare tsibiran da ke gaban birnin Stockholm da gudu da iyo, daga nan aka kafa gasar Ötillö a 2006, wadda tsawonta a da ya kai kimanin kilomita 75, kusan goma daga ciki a cikin teku. Sharaɗinta shi ne duk abin da ka tashi da shi sai ka isa da shi, don haka suka rage kaya har ya zama babu jaka sam: suna gudu da rigar iyo ta roba mai zif a gaba da aljihuna a ciki, suna iyo da takalmansu a ƙafa, suna maƙala wani ɗan soso mara shan ruwa tsakanin cinyoyi don ya ɗaga ƙafafun da takalmi ya nauyaya. Dabara ce mai kyau ga mai tsere, amma ba ta da amfani ga wanda zai kwana a daji da tanti da guzuri.

Mazhaba ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa a Ingila, musamman yankin tafkunan arewa maso yammacinta, ta ce a sauke kayan daga jiki, a ja su a baya da igiya. Hujjarta tsohuwar ƙa'ida ce ta Arkimidis, masanin Yunanawa, cewa ruwa yana tallafe abu gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture. Watau kowace lita ɗaya ta iska da aka kulle tana ɗaukar kusan kilo ɗaya, har jakar da take cin lita talatin, aka zuba mata kayan kilo goma, ta yi ta shawagi mafi yawanta a sama. Ilmin kuwa ba sabo ba ne, gama a sassaƙen fadar Nimrud ta ƙasar Iraƙi, tun ƙarni na tara kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ana ganin mutane suna ƙetare kogi a kan salkar da aka hura, kamar yadda masuntan Argungu suke dogara da gora har yau.

Sai dai wahalar tana wurin hana ruwa shiga, kuma a nan ne gwanintar maƙeri take bayyana. Ɗinki kowane iri ne huda ce, allura kuwa ba ta wucewa ba ta bar ƙofa ba, shi ya sa kamfanoni irin su Ortlieb na Jamus, wanda ya fara aiki a 1982 da tamfol irin na manyan motoci, suka koma narka gefen yadin su liƙe shi da juna. A bakin jakar ma ba a amince wa zif na yau da kullum ba. Ana haɗa leɓɓan jakar biyu, a naɗe su sau uku ko fiye kamar tabarma, a lanƙwaso gefunan a ɗana maɓalli. Wanda ya cika jakar maƙil har naɗin bai kai uku ba, ko ya bar bakin safa ya shiga tsakanin naɗin, zai tarar da ruwa ya bi ta nan a hankali. Masu hattara sukan sa tufafin sauyi da wayar hannu a wata ƙaramar jaka ta biyu a ciki, kuma a ganina wannan ya fi kusa da wajibi bisa ga mustahabbi, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan ninki ashirin da biyar, wanda kuma ya fito daga tafki mai sanyi yana makyarkyata bai sami busasshiyar riga ba, ransa yana cikin haɗari ko da iyon ya tafi lafiya lau.

Akwai kuma tsarin lodi. Abu mai nauyi, kamar takalmi da tukunyar dahuwa, a ƙasa ake sa shi don kada jakar ta kife. Iska kuma ba a cika ta fiye da kima, don jakar da ta yi tsororuwa a kan ruwa iskar sarari takan kaɗa ta ta sha gaban mai ita, ko ta riƙa fizgarsa gefe. Ƙaramar jaka akan ɗaure ta da gajeriyar igiya ta tsaya daidai bayan cinya, babba kuwa, irin wadda ake ɗorawa a kan ɗan ƙwaryar jirgin roba da ake hurawa da baki, kamar Ruckraft na Ingila, sai da igiyar da ta wuce tsawon ƙafafu don kada a riƙa shurinta. Launi ja ko ruwan lemo ake zaɓa domin masu jiragen inji su hango, gama kan mai iyo ba ya ganuwa daga nesa.

Ɗamarar da igiyar take ɗaure a kai lalle ne ta kasance mai kuncewa da hannu ɗaya, a ja guda. A tafki mai kwanciya wannan ba ya zama abin damuwa, amma a kogi mai gudu, inda reshe ko dutse zai iya sarƙe igiyar ruwa kuma ya ci gaba da jan mutum ƙasa, masana ba su yarda a ɗaura kome a jiki ba; sai dai a rungumi jakar a gaba, a tura ta, a sake ta in ta kama.