Katin Layi Tsakanin Waya da Modem: Abin da Ke Ƙaura da Abin da Ke Zama

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmar "layi", domin akwai tarihi a cikinta. A zamanin tarho na girke, layi waya ce ta gaske, wadda aka jawo a kan turaku tun daga gidan waya har zuwa teburin akawu, kuma ba ta da halin motsawa daga inda aka ɗaure ta. Da wayar hannu ta zo, Bahaushe bai yar da kalmar ba, sai ya ɗora ta a kan ɗan guntun katin nan da ake zurawa a cikin waya, ya bar kalmar "kati" ga kuɗin kira. Ta haka layi, wanda a da shi ne abin da ba ya ƙaura, ya zama abin da ake zarewa da farce a mai da shi wani wuri.

Kamfanin Giesecke & Devrient na birnin Munik a Jamus shi ne ya ƙera katin farko a 1991, ya sayar da guda 300 ga kamfanin Radiolinja na ƙasar Finlan. A Nijeriya kuwa sai a watan Agusta na 2001 tsarin GSM ya fara aiki. Hikimar waɗanda suka tsara shi ita ce raba mai kira da na'urar kira, watau kati shi ne mahayi, waya kuwa doki ce kawai.

To, mene ne a cikin katin? Abu biyu ne muhimmai. Na farko lamba ce mai alƙalumma har 15 da ake kira IMSI, wadda ukun farkonta ke nuna ƙasa: 621 ta Nijeriya ce, 614 ta Nijar, 620 ta Gana. Na biyu mabuɗi ne na asiri wanda kati da ma'ajin kamfani kaɗai suka san shi, kuma ba ya fita daga katin ko kaɗan. Idan aka kunna na'ura, kamfani yakan aiko da wata lamba ta ka-cici-ka-cici, kati ya sarrafa ta da mabuɗinsa ya mai da amsa. In amsar ta dace da wadda kamfani ya lissafa, sai a buɗe ƙofa. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, lambar da mutum ke ba abokansa, da kuɗin kiransa, da ragowar datarsa, duk a rajistar kamfani suke, ba a jikin kati ba. Wannan ne dalilin da ya sa wanda katinsa ya ɓata ke iya karɓar sabo da tsohuwar lambarsa, abin da 'yan kasuwar waya ke kira "welkom bak", kuma shi ne ya sa tun daga 2013 ɗan Nijeriya ke iya komawa wani kamfani da lambarsa.

Modem kuwa, ko ƙaramin nan da ake cusawa a gefen kwamfuta, ko na aljihu mai batir, ko babba na ofis, ba wani abu ba ne illa waya wadda aka cire wa baki da kunne. Saboda haka a ƙa'ida duk katin da ya yi aiki a waya zai yi a modem. Amma tsakanin ƙa'ida da aiki akwai tuntuɓe, kuma a nan ne ɗalibi mai neman aika aikinsa kafin wa'adi ke kwana da takaici.

Tuntuɓe na farko girma ne. Katin 1991 ya kai faɗin katin banki. Daga baya aka rage shi zuwa milimita 25 da 15, sa'an nan 15 da 12, har a 2012 aka fito da mafi ƙanƙanta mai milimita 12.3 da 8.8, wanda wayoyin zamani ke ɗauka. Tsofaffin modem da yawa kuwa babban rami gare su. Ana iya cike giɓin da 'yar robar da aka ɓallo katin daga cikinta, shi ya sa mai hankali ba ya jefar da ita. Sai dai kada a zura robar ba kati, gama bakinta yakan kama siraran haƙoran ƙarfe na cikin ramin ya karya su, gyaransu kuwa sai gwani. Yanke kati da almakashi kasada ce da ba ta da dalili. Kuma ya fi kyau a kashe na'ura kafin a zare ko a zura.

Na biyu kulle ne. Kamfanin da ya sayar da modem da rahusa yakan kulle shi a kan layinsa, domin ya mai da kuɗinsa ta hanyar sayar da data. In aka sa masa baƙon kati sai ya nemi lambar buɗewa, kuma adadin gwajin ƙayyadadde ne. Wanda ya yi ta cankar lamba har gwajin ya ƙare ya ƙara wa kullen ƙarfi. Ko an buɗe ma, da sauran rina a kaba, domin kowane kamfani da zangon iskar da hukuma ta ba shi, wani a megahaz 800, wani 1800, wani 2600. Modem ɗin da bai san zangon sabon layi ba sai ya koma 3G, ko ya rasa sabis ɗungum, mai shi kuwa ya yi ta zagin kamfani alhali laifin na na'ura ne.

Na uku shi ne sunan mashiga, watau APN, wanda ke gaya wa na'ura ƙofar da za ta bi ta shiga intanet. Waya takan karɓi wannan saiti da kanta, modem kuwa sau da yawa yakan riƙe na tsohon layi. Alamar cutar ita ce sandunan sabis a cike amma shafi ba ya buɗewa. Maganinta a shiga shafin saitin modem, kamar 192.168.8.1 a yawancin na Huawei, a rubuta sunan da ya dace.

Har ila yau, kada a zaci kamfani bai san an yi ƙaura ba. Kowace na'ura tana da tata lamba mai alƙalumma 15, watau IMEI, wadda a waya ake gani in an danna *#06#, kuma takwas na farkonta suna bayyana ƙirar na'urar. Ta haka kamfani ke iya keɓe wani tsarin data ga modem kaɗai, ko ga waya kaɗai.

Duk waɗannan ƙananan wahalhalu ne in aka gwada su da abin da ya shafi amana. Ma'aikacin da ya zare layinsa na kansa ya sa a modem na ofis domin a aika rahoton ƙarshen wata, ya tafi gida, bai bar data kaɗai a baya ba. Saƙon shigar albashi, da lambar sirri ta lokaci guda da banki ke aikowa kafin a fitar da kuɗi, duk kati suke bi, ba waya ba, kuma modem yana ajiye su a shafinsa, inda duk wanda ya san kalmar shiga zai karanta. Kalmar kuwa a ofisoshi da yawa ita ce wadda aka sayo na'urar da ita. Bugu da ƙari, tun daga umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disamba na 2020 na haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da aka aikata da layin, sunan mai shi za a fara nema. Layin da aka ɗaura wa asusun banki bai dace da modem na jama'a ba. A saya wa ofis nasa.

Kariyar da kati ke da ita a jikinsa ita ce lambar PIN, wadda ke bin sa duk na'urar da ya shiga, ba kamar makullin fuskar waya ba da ɓarawo ke tsallakewa da zarar ya zare kati. Kuskure uku ke rufe shi, sai an kawo lambar PUK mai alƙalumma 8. Kuskure goma a kan wannan kuwa ya kashe katin ke nan. Sai dai modem ba shi da madannai, saboda haka katin da ke da PIN zai yi shiru a cikinsa har sai an shiga shafin saiti an rubuta ta.

Hotuna da hirarrakin WhatsApp ba sa bin kati, suna nan a tsohuwar waya, wadda ya kamata a goge kafin a sayar ko a kyautar. Sunayen mutane ma kaɗan ne ke shiga kati, yawanci kamar 250.

Tun daga 2016 kuma aka fito da tsarin eSIM na masu waya, inda katin ke manne a cikin na'ura, layi kuwa ya zama rubutu da ake saukewa ta iska; a 2022 Apple ya fara sayar da iPhone 14 a Amurka ba ramin kati sam. Mai irin wannan layi ba shi da abin zarewa, kuma modem mai rami ba zai karɓe shi ba. In yana so kwamfutarsa ta sami intanet, sai dai ya kunna rabon data daga wayar, ya jure zafinta da cin caji, ko kuwa ya koma wurin kamfani a mayar masa da layin a kan kati.