GARAFUNI DA NA'URAR AWON SUGA: A DAINA ƘIYASI

'Yan'uwa masu gida, yau nasiharmu a kan ciwon suga ce.

Allah Ya gina jikinka da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace da murhunta. Tuwon da ka ci da furar da ka sha, jiki yana mayar da su suga, jini ya kai wa ƙwayoyin, su ƙona shi da iskar da ka shaƙa, ka samu ƙarfi. Idan sinadarin insulin ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyin suka daina amsa masa, sai suga ya taru a jini. Ciwon ke nan.

Yanzu masana suna ƙera 'yan faranti masu ƙananan ramuka, a saka ƙwaya ɗaya tak a rami, a auna iskar da take ci da tsamin da take fitarwa. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Cikin tushen wannan ilimi akwai Leland Clark na Amurka, wanda a 1962 ya bayyana hanyar auna suga da lantarki. Jikanyar aikinsa ita ce 'yar na'urar da kuke gani a kemis nan Babura da Kazaure. Ɗigon jini ya taɓa sinadarin da ke jikin 'yar takardar gwaji, a samu ɗan lantarki, na'ura ta mayar da shi lamba.

Ga lambobin a ma'aunin mg/dL, ku riƙe:
Da safe kafin karin kumallo, 126 ko sama da haka, a je asibiti a tabbatar.
Ƙasa da 70, suga ya faɗi. A sha ruwan sukari ko zuma nan take, in mutum yana cikin hayyacinsa.

To, ga inda nake jan kunne. Ni mai magani ne, na san garafuni da shuwaka da zogale. Amma wanda yake shan maganin asibiti ya ƙara da garafuni ba tare da awo ba, sugansa na iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, har suma. Wani kuma ya ajiye maganin likita don ya ji sauƙi, alhali suga na cin ido da ƙoda a ɓoye. Wallahi na ga dattijon da ƙaramin gyambo ya raba shi da ƙafa ta haka.

Mai azumi kuma, tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Likitoci sun ce in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, a sha ruwa. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, sai ya rama daga baya.

Ka rubuta lambobinka a takarda, ka kai Babban Asibitin Babura, ka faɗa wa likita duk ganyen da kake sha, kada ka ɓoye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.