Tuwon Acha Da Gyambon Ciki: Inda Ƙaurace Wa Abinci Ke Amfani Da Inda Yake Ɓata Lokaci

Duk yammacin Lahadi, motocin da ke barin Kafanchan zuwa Abuja ta Kwoi da Keffi ba sa rasa ƙullin acha a bayansu. Wasu tsaraba ce ta gida, wasu kuwa saƙo ne na abokan aiki a Sakatariyar Tarayya, waɗanda aka gaya wa cewa maganin olsarsu yana cikin wannan 'yar ƙwaya. Tsarin da ake ba su kusan iri ɗaya ne: a daina burodi da taliya da lemon kwalba da duk abin da ya fito daga leda, a bar barkono da soye-soye, a koma ga acha da ganye da ruwan citta, har ciki ya warke. Shawarar tana yawo a WhatsApp, tana kuma samun karɓuwa domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai gaskiyar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma ratar da ke tsakani tana iya kai mutum gadon asibiti.

Acha dai ta cancanci yabo. Tana cikin tsofaffin hatsin Afirka ta Yamma, kuma mutanen Kudancin Kaduna da na Filato sun daɗe suna nomanta a ƙasar da masara ba za ta yi kirki ba sai da taki. Wasu ire-irenta kan nuna cikin mako shida zuwa takwas, shi ya sa take fitar da manomi daga yunwar tsakiyar damina. Ba ta da guluten, wato sinadarin da ke sa ƙullin alkama danƙo, tana kuma ɗauke da wasu sinadaran gina jiki da suka yi ƙaranci a shinkafa da masara. Faten acha da aka haɗa da yakuwa da alayyafo da gauta abinci ne mai sauƙi ga ciki. Wahalarta tana wuyan mata, masu surfe da rege yashi ƙwarya bayan ƙwarya. A nan ma akwai abin lura: farar acha tas da ake rububi a manyan kantunan Abuja ta rasa mafi yawan dusarta a wurin gyara, alhali dusar ce ke taimaka wa mai taurin bayan gida.

Matsalar tana farawa ne daga kalmar olsa. A ofisoshinmu, kowane zafin ciki olsa ne: ƙwannafi, kumburi bayan cin wake, murɗa, har da yunwar wanda ya wuni a taro bai karya ba. Alhali waɗannan cututtuka ne daban-daban, kuma abinci ba ya yi musu aiki iri ɗaya.

Gyambon ciki na haƙiƙa rauni ne a bangon ciki ko a farkon ƙaramin hanji. Likitocin duniya sun shafe shekaru suna ƙoƙarin warkar da shi da tsarin abinci. A 1915 wani likita a Chicago ta Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin shan madara da kirim kowace awa tare da maganin rage asid, aka yi ta bin sa shekaru da dama. Majinyata kan ji sauƙi, sannan ciwon ya dawo. Daga baya ma aka gane cewa madara tana kwantar da zafi na ɗan lokaci ne, sai ta ƙara zaburar da ciki ya fitar da asid. Sai a farkon shekarun 1980 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, ita ce tushen mafi yawan gyambon. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu, ya kuma yi magani. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Wannan ƙwaya ta yaɗu ƙwarai a Najeriya. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, kuma da yawan masu ita ba sa jin komai. Amma idan ita ce ta haddasa gyambo, babu acha ko zuma ko ruwan kabeji da aka tabbatar yana kawar da ita. Abin da ke kashe ta shi ne haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin rage asid irin su omeprazole, na kwana goma zuwa sha huɗu, a shanye su duka. Ana gano ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma wanda ke shan omeprazole kan buƙaci dakatar da shi kamar mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai iya yaudara. Tun 1994 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin abubuwan da ke haddasa dajin ciki. Ke nan wanda ya yi shekara uku yana lallaɓa ta da kunu, lokaci kawai ya ƙara mata.

Sanadi na biyu yana cikin aljihun ma'aikata da dama: ibuprofen da diclofenac da aspirin, waɗanda ake saya a kyamis don ciwon baya na zaman kujera ko gajiyar bin ayarin oga. Mutum ya bar yaji ya ci gaba da haɗiyar waɗannan a cikin da babu komai, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

To a ina ƙaurace wa abinci ke warkarwa da gaske? Misali mafi ƙarfi shi ne cutar siliyak, inda guluten ke lalata bangon hanji. Wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, sa'ad da burodi ya yanke, ciwon kuma ya dawo da aka dawo da alkama. Ga mai wannan cuta, barin alkama har abada shi ne maganin, kuma acha da gero da dawa da tamba da gwaza duk ya samu damar ci. Sai dai a yi gwajin kafin a bar alkama, domin wanda ya riga ya daina, jininsa ba lallai ya nuna cutar ba.

Sai ciwon hanjin nan mai yawan tashi, wanda likitoci ke kira IBS: kumburi, iska, gudawa yau, taurin bayan gida gobe, ba tare da an ga rauni ba. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun tsara masa wani tsarin ci mai suna FODMAP, kuma jerin abin da ake janyewa zai ba masu kirarin komawa ga abincin gargajiya mamaki. Albasa tana ciki, da tafarnuwa, da wake, da mangwaro, da kankana, da zuma. Dukkansu ba daga masana'anta suka fito ba, amma su ne ke tsami a hanjin wasu mutane su cika shi da iska. Muhimmin abu kuma, tsarin na mako biyu zuwa shida ne kacal. Bayan nan ana dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ke tayar da ciwon, a ci sauran. Masu tura saƙon WhatsApp sukan manta da wannan mataki, sai mutum ya wayi gari abinci uku kawai yake ci, ya rame, jininsa ya yi ƙasa.

Citta ma haka take. Yankin Kachia da Jaba da Kagarko ne cibiyar nomanta a ƙasar nan, kuma annobar da ta afka wa gonakin a 2023 ta sa kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Tana rage tashin zuciya, wannan an tabbatar. Amma shayinta mai kauri da sassafe yana iya ƙara wa mai ƙwannafi ƙuna, shi da ya fi buƙatar rage yawan cin dare, da barin kamar awa uku tsakanin tuwo da kwanciya.

Akwai alamomin da ba a jira a ga aikin acha a kansu: baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a ƙirji, ko ciwon cikin da ya fara bayan an manyanta. Ma'aikacin tarayya da ke cikin inshorar NHIA yana da asibitin da ya yi rajista, kuma daga can ake tura shi wurin ƙwararre idan ana buƙatar na'urar leƙa ciki. Abin da zai taimaki likita ƙwarai shi ne majinyaci ya zo da 'yar takarda ta mako biyu, wadda ya rubuta abin da ya ci, da lokacin da ciwon ya taso, da sunan kowace ƙwaya da ya haɗiya, har da na kyamis ɗin bakin layi.