Biro a Gefen Littafi Mai Tsarki: Al'adar Rubuta Addu'a da Bimbini

Duk wanda ya shiga majami'a ranar Lahadi a Jos, Kafancan ko Numan zai ga mutane riƙe da biro lokacin wa'azi. Fasto na faɗin sura da aya, ana rubutawa a ƙaramin littafi ko a bayan takardar sanarwa. Da an tashi sujada kuwa, littafin yakan koma cikin jaka sai wani makon. Akwai wani rubutun dabam da Kiristoci suka daɗe suna yi: mutum ya keɓe shi kaɗai, ya karanta nassi, ya rubuta abin da ya taɓa zuciyarsa, da abin da ya roƙa, da inda ya yi tuntuɓe. Na farkon ajiyar maganar mai wa'azi ne, na biyun kuwa hisabi ne da mutum ke yi wa kansa a gaban Allah.

Wasu na ɗauka wannan rubutu na biyu sabon yayi ne daga Amurka, alhali daga cikin tsofaffin misalansa akwai na Afirka. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta tarihin Antoni, mai ibadar nan da ya zauna a hamadar Masar har ya rasu a shekarar 356. A ciki ya ba da labarin shawarar da Antoni ke ba almajiransa: kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da abin da ke motsi a ransa, kamar zai miƙa wa ɗan'uwansa ya karanta. Dalilinsa shi ne abin da mutum zai ji kunyar gani a rubuce, zai ji kunyar aikatawa. Wajajen shekarar 400 kuma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya kammala littafinsa Confessions. Daga farko har ƙarshe da Allah yake magana, bai ɓoye ko satar 'ya'yan itacen da ya yi da abokansa yana ɗan shekara 16 ba.

Waɗanda suka biyo baya sun ba abin tsari. Ignatiyus na Loyola, ɗan Sifen da ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya koyar da cewa mutum ya zaɓi hali guda da yake so ya bari, ya ja layuka a takarda, bayan abincin rana da bayan na dare ya ɗiga ɗigo ɗaya kan kowane karo da ya faɗa cikin halin. Sai ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Shi kansa a 1544 ya yi kwana 40 yana rubuta abin da ya ji cikin addu'a, don ya yanke shawara kan tambaya ɗaya tak: ko majami'un ƙungiyarsa su mallaki kuɗin shiga, ko su zauna cikin talauci.

John Wesley, uban Ikilisiyar Methodist, ya fara nasa a Oxford a 1725, bai ajiye alƙalami ba sai 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a 1791. Da rubutun sirri yake yi, akwai kuma lokacin da yake lissafa kowace awa ta yini, har yana ba natsuwar zuciyarsa maki. Shi kuwa George Müller na Bristol a Ingila, wanda gidajensa suka reni marayu fiye da 10,000, ba ya roƙon kowa kuɗi. Yakan rubuta bukata da ranar da ya kai ta gaban Allah, ya kuma rubuta ranar da biyanta ya zo da hanyar da ya biyo.

Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne sun san ɗan Adam da mantuwa, mantuwar kuma mai son kai ce. Mutum yakan tuna addu'ar da ba a amsa ba shekara goma, ya manta da wadda aka amsa makon jiya. Yakan tuna abin da aka yi masa, ya manta da wanda ya yi. Littafi Mai Tsarki ma cike yake da maganin wannan: Joshuwa ya sa aka kafa duwatsu 12 bayan haye Kogin Urdun domin 'ya'ya su tambaya a ba su labari, Zabura da yawa kuma kuka ne da godiya da aka rubuta har suka iso gare mu.

Masana halayyar ɗan Adam sun leƙa batun ta nasu ɓangaren. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall sun sa ɗalibai a Amurka yin rubutun minti 15 kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya dame su tare da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, ba ya kuma maye gurbin likita.

Aikin ba ya bukatar kaya masu tsada. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro sun isa. A sa kwanan wata, a karanta 'yan ayoyi sau biyu ko uku a hankali, a kwafe wadda ta tsaya a rai. A ƙarƙashinta a amsa tambaya biyu: me ayar ke faɗi, kuma ina ta same ni yau? Daga nan a mai da amsar addu'a. Shafin wata uwa 'yar Zumuntar Mata zai iya ɗaukar layi huɗu kawai: aya daga Bisharar Matiyu kan damuwa, kuɗin makarantar yara da ba su cika ba, baƙar maganar da ta faɗa wa maƙwabciya, da niyyar zuwa ba da haƙuri kafin dare. A kuma yi da harshen da ake addu'a da shi. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu dalilin da zai sa mai kuka ga Allah da Hausa ya takura kansa da Turanci a takarda.

Akwai ramuka a hanya. Na farko, rubuta wa idon mutane: da zarar mutum ya fara tunanin wanda zai karanta, sai gyaran fuska ya shigo. Na biyu, mai da littafin rumbun laifin wasu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na uku, bin diddigin kai har ya zama azaba. Wesley da duk lissafinsa bai sami kwanciyar rai ba sai a wani taron addu'a a titin Aldersgate na Landan, ranar 24 ga Mayu 1738. Sannan a gidan yawa, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar mutum biyar, sai an nemi ma'aji mai kyau, a kuma guji rubuta sunan wanda ya ba ka amanar sirrinsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya naɗar muryarsa a waya, idan wayar tasa ce shi kaɗai.

Babban kuskure shi ne a yi ta rubutu ba a waiwaya. A ware rana ɗaya a ƙarshen wata a karanta abin da aka tara. A nan ne mutum zai ga roƙon da aka biya bai ko yi godiya ba, da alkawarin da ya ɗauka sau uku bai cika ba, ya san da wanne zai fara gobe.