Kwikwiyo Mai Gurnani a Kan Abinci: Yadda Za a Horar da Shi, da Abin Yi Idan Ya Ciji Yaro

A gidaje da yawa na ƙauye ana kiwon kare don tsaron gida, tsaron garke ko farauta. Yara ne suka fi wasa da ɗan kwikwiyo, su ne kuma ake aika su kai masa abinci. Shi ya sa su ne suka fi shan cizo. Kwikwiyon da ke gurnani idan an kusanci kwanonsa yana iya gyaruwa tun yana ƙarami. Duka ba ya gyara shi. Idan an bar shi da halin ya girma, wata rana zai yi wa yaro mummunan rauni a fuska ko a hannu.

Me ya sa yake yin haka?

Tsoro ne yake sa shi. Yana ganin za a ƙwace masa abin da ya samu. Hakan ya fi faruwa ga kwikwiyon da ba ya ƙoshi, ko wanda ya saba kokawa da 'yan'uwansa da kaji a kan kasko ɗaya, ko wanda yara suke fizge masa ƙashi don wasa.

Akwai kuma cizon wasa. Kwikwiyo yana da haƙoran nono guda 28 masu tsini. Suna fara zuba yana da wata 3 zuwa 4, manya guda 42 kuma su gama fitowa wajen wata 7. A wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi, yana so ya tauna duk abin da ya samu. A wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Saboda haka kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8.

Alamun da yake nunawa kafin ya ciji

Kare yakan yi kashedi. Jikinsa yana sandarewa. Yana sunkuyar da kai bisa kwano, yana ci da sauri, yana hararar mutum ta gefen ido. Daga nan sai gurnani da yage leɓe. Ku koya wa yara cewa duk wanda ya ga haka ya ja da baya a hankali, ban da gudu, ban da ihu.

Yadda za a horar da shi

1. Ku ba shi wurin cin abinci nasa a wani lungu, nesa da kaji, awaki da yara. Idan kwiyakwiyan suna da yawa, kowanne da kwanonsa.
2. Ku ba shi abinci sau 3 ko 4 a yini har ya kai wata 6. Ku tambayi likitan dabbobi maganin tsutsar ciki.
3. Kada kowa ya taɓa shi ko kwanonsa yana cikin ci ko yana barci.
4. Babban mutum ya riƙa wucewa daga nesa, inda kwikwiyon bai fara gurnani ba, ya jefa masa ɗan abin da ya fi na kwanon daɗi, kamar guntun nama, ya wuce abinsa. Kowace rana a matso kaɗan. Idan ya yi gurnani, an matso da wuri, sai a koma baya. Bayan 'yan makonni zai gane cewa mai zuwa kusa da kwanonsa ƙari yake kawo masa. Wannan aikin manya ne, kada a bar wa yara.
5. Idan ya ɗauki takalmi ko wani abu, kada a bi shi da gudu a fizge. A nuna masa abinci, a ce "saki". Da ya saki, a ba shi abincin, a ɗauke abin.
6. Idan haƙoransa suka taɓa hannu cikin wasa, a daina wasan nan take, a tashi a bar shi. A ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla ya tauna. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi a ciki.

Me ya sa ba a dukansa?

Wanda ya doki kwikwiyo don ya yi gurnani ya tabbatar masa cewa hannun mutum abin tsoro ne. Yana iya daina gurnanin, amma tsoron yana nan. Irin wannan kare shi ne yake kai cizo ba tare da kashedi ba. Dabba amana ce a hannunmu, tausaya mata kuma kariya ce ga 'ya'yanmu.

Rowar abinci daban, ciwon hauka daban

Kwikwiyo mai rowar abinci yana gurnani ne idan yana da abin da yake tsaro. Sauran lokaci yana wasa, yana ci, yana sha. Wanda ya kamu da ciwon haukan kare halinsa yana canzawa farat ɗaya. Yana dalalar da yawu, yana cizon komai, yana kasa haɗiya, yana tangaɗi, muryarsa tana canzawa. Wani kuma sai ya yi shiru, jikinsa ya mutu. Kada ku sa hannu a bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale. Ku rufe shi, ku kira ma'aikacin kiwo.

Ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, babu maganin da ke warkar da shi. Amma allurar da aka fara da wuri bayan cizo tana hana shi.

Idan ya ciji mutum ko ya karce shi

1. A wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa har minti 15.
2. A shafa aidin ko alkol idan akwai. Kada a sa toka, barkono, ƙasa ko kashin dabba. Kada a ɗaure wurin da ƙarfi.
3. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi haɗari.
4. Allurar rigakafin ana yin ta sau da yawa a ranaku daban-daban. A cika dukan ranakun da likita ya rubuta. Zai kuma duba ko ana bukatar allurar tetanos.
5. Idan karen yana da alamar lafiya, kada a kashe shi. A rufe shi, a riƙa ba shi abinci da ruwa, a lura da shi kwana 10. Idan ya yi ciwo, ya mutu ko ya ɓace, a gaya wa likita da sauri. Kada a jira kwanakin nan su cika kafin a zo asibiti.

Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron faɗa. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku cewa duk wanda kare ya ciza ko ya karta ya faɗa nan take, ba za a doke shi ba.

Rigakafi

Ku kai kwikwiyo wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka idan ya cika wata 3, a riƙa sabunta ta kowace shekara, ku kuma adana takardar. Shugabannin ikilisiya, limamai da masu gari, ku tuna wa jama'a wannan a taronku, ku haɗa kai ku gayyato ma'aikatan kiwo su yi wa dukan karnukan gari allura a rana ɗaya.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.